Zabuwar Malam Bukar

Samarin da suke zuwa shagona a Fagge kwanan nan duk bakinsu ɗaya. Sun kalli aikin a waya, sun ga wani Bature ya zura hannu ya zare, saniya ko wutsiya ba ta kaɗa ba, sai su zo su ce in koya musu kafin ƙarshen wata. Wani ma da takardar shaidar horo yake zuwa, a cikin leda don kada ta yi datti. Nakan dubi farar shaddarsa in ce ya fara zuwa gida ya sako rigar da ba ya so. Mafi yawansu daga nan ba na sake ganinsu. To ku da kuka dawo, ku zauna ku ji abin da kuke nema.

Sana'ata yi wa shanun madara baye da hannu. Ba na yawo da bijimi. Irin bijimin ƙasar waje nake ɗauke da shi, a daskare cikin wasu siraran tsinkayen roba, su kuma suna nitse a ruwan sanyi da ake kira naitirojin, a cikin tulun ƙarfe. Dalilin aikin ɗaya ne. Saniya ba ta ba da madara sai ta haihu, madarar kuma tana raguwa har ta ƙafe. In ba ta sake ɗaukar ciki a kan lokaci ba, ta koma baki mai ci kawai, mai ita kuwa ba zai iya ciyar da ita don Allah ba. Ƙarshenta kwata. Duk saniyar da aka kira ni a kanta, tsakaninta da wuƙa ba nisa, ni ne ake sa ran in shiga tsakani.

Tulun nan shi ne uban gidana, ni bara ne. Ba a kwantar da shi, ba a bari ya bugu, ba a buɗe shi don a nuna wa mutane hayaƙin da yake fitarwa. Ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, ruwan cikinsa yana tsanewa a hankali, ranar da ya ƙafe kuwa duk irin da ke ciki ya mutu, kuma ba zai yi wari ya gaya maka ba. Shekara da shekaru ina ɗaure shi a bayan babur ina ratsa bakin Kasuwar Singa, tsakanin tireloli da masu kura, ina addu'a kada wani ya goge shi. An sha tsayar da ni a ce in zuba fura ta hamsin. Sauran kayan ba su da yawa: bindigar ƙarfe siririya da ake ɗura tsinken a ciki, filas na ruwan ɗumi don narkar da shi, almakashi, sabulu, da safar hannu ta leda mai kaiwa kafaɗa. In ruwan ɗumin ya yi zafi ka dafa irin, in ya huce ka kashe shi da sanyi.

A wata gonar gwamnati da ke bayan gari na koya, a hannun Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa. Gajere ne mai dogayen hannuwa, kamar don aikin aka halicce shi. Na je da ɗokin riƙe bindiga, ya ɗora ni a kan shinge. Safe da yamma aikina ke nan, in zauna in kalli shanu, shi kuma in ya zo wucewa ya tambaye ni wacce ce yau. Na yi ta nuna masa wadda take hawan 'yan'uwanta, ya yi ta girgiza kai. Sai da na gaji da kunya na gane cewa ba mai hawa ake nema ba, wadda ta tsaya cak aka hau ta ba ta gusa ba, ita ce take neman bijimi. Ita za ka ga farin yauƙi a wutsiyarta, ta rage cin abinci, tana ta kuka. Wannan hali ba ya daɗewa. Wadda ka gani da safe, da yamma za ka yi mata, in ka kai gobe da rana ka makara, sai ka jira mako uku ya sake zagayowa.

Sai da damina ta wuce sannan ya bari na sa hannu. Hannun hagu ta dubura yake shiga, ka lalubo wuyan mahaifa ta cikin fata, abu ne kamar wuyan kaza, ka riƙe shi, hannun dama kuma ya bi da bindiga ta ɗaya hanyar. Ido ba ya ganin komai. Saniya tana matse maka hannu har yatsu su mutu, tana zubo maka abin da ta ci jiya a hammata. Wannan ne abin da Baturen wayarku bai nuna muku ba. Duk da haka Malam Inuwa yakan ce hannu rubu'in aikin ne, saura duk ido ne, kuma idon ba naka ba ne, na mai saniya ne.

Da na dawo cikin gari na fara aikin kaina na gane nufinsa. A gona shanu a sake suke, su da kansu suke tona asirin juna. A Fagge kuwa saniya a gareji take, ɗaure a turke da gajeriyar igiya, a kan siminti mai santsi, wani lokaci ita kaɗai. Wa za ta hau, wa zai hau ta? Na tuna wani Alhaji ɗan kasuwar Singa da ya sayi shanu huɗu saboda abokinsa ya saya. Yana ciyar da su da sharar fulawa da karyayyen biskit daga sito, suka yi ƙiba har ba ka ganin ƙashin ƙugunsu. Kullum sai ya kira ni ya ce ai tun shekaranjiya maigadi ya ce ɗaya tana kuka. In na ce an makara, sai ya ce in yi kawai, ai zai biya. In na yi ba ta ɗauka ba, sai ya gaya wa mutanen masallacinsu cewa ruwan banza nake sayarwa. Da Sallar layya ta zo ya huta, ni ma na huta.

Akwai kuma masu ramammun shanu, waɗanda ake tatsa har digon ƙarshe, ɗan maraƙi kuma yana manne da hantsa yini guda. Irin wannan sai ta yi wata da watanni ba ta nemi bijimi ba, don jikinta ya san ba shi da abin riƙe wani cikin. Ka ce a ƙara harawa da ƙulin auduga, a raba ta da maraƙi, sai a ce kai dai yi mata allura. Kowa allura yake so, don ita ce ba ta bukatar a tashi da asuba a kalli saniya.

Mutum ɗaya na taɓa samu da ya ji magana tun daga farko har ƙarshe, shi ne Malam Bukar na Kwaciri. Tsohon hedimasta ne, iyayensa daga Borno suka zo, shi a nan aka haife shi. Da ya yi ritaya ya zuba abin da aka sallame shi da shi a shanu biyu. Kafin ya bari in taɓa su sai da ya je ya tambayi malamai ko aikina ya halatta, ya dawo ya ce an ce babu laifi tunda dabba ce. Ya farfasa simintin garejinsa ya zuba yashi don na ce santsi yana hana su hawan juna. Ya tsawaita igiya. Daga ɗayar na samar masa 'yar maraƙa ruwa biyu, fara mai ɗigon baƙi, matarsa Hajiya Falmata ta sa mata suna Zabuwa.

Zabuwa ta girma ta zama saniyar da ban taɓa fitar da irinta ba. Haihuwarta ta fari ta cika bokiti safe da yamma. Wata Madam da take yin yogot a Sabon Gari ta kama madarar gaba ɗaya, kullum da safe Malam Bukar yake kai mata a jarka, daga nan ya wuce wata makarantar kuɗi inda yake ɗan koyarwa har la'asar. Da madarar nan gidan yake ci, don fanshon nasa sai an manta da shi yake zuwa. Abu ɗaya ya rage musu: sau biyu Zabuwa tana haihuwa, duka maza. Namiji a gidan madara baƙo ne, sayarwa ake yi. Burinsu ta haifi mace wadda za ta gaje ta.

Bayan haihuwa ta biyu aka shiga wahala. Wata ya bi wata ba a kira ni a kan lokaci ba. Malam zai bugo waya da magariba ya ce yana jin kamar ta yi, in zo washegari in tarar abin ya wuce. Na rasa gane kan lamarin, mutumin da ba ya wasa da magana. Sai daga baya na fahimta. Malam ba ya gida da rana. Mai ganin saniyar yini guda Hajiya ce, ita take tatsa, ita take ba da dusa, ba abin da yake wuce idonta. Amma dattijuwa ce mai kunya irin ta mutanen da. Ta yaya za ta buɗe baki ta gaya wa mijinta cewa saniya tana hawan 'yar'uwarta, balle ni da nake baƙon namiji? In abin ya faru ma tsawa take yi musu ta raba su, don garejin yana kallon titi, yara kuma suna wucewa Islamiyya. Sai Malam ya dawo ta ce masa Zabuwa dai yau ba ta ci sosai ba, shi kuma ya kwana yana tunanin ko ya kira ni.

Garejin yana da ƙofa biyu, ɗaya ta titi inda nake shiga, ɗaya ta cikin gida. Ran nan na roƙi Malam ya ce mata ta tsaya a bayan ƙofar ciki. Na gaishe ta, na ce ba sai ta faɗi komai da sunansa ba. Duk ranar da ta ga abin da ta sani, ta buga mini waya ta ce in zo in sha ruwa, ni zan gane. Ta ce to.

Wannan ya zo daidai da muguwar shekarar nan da man fetur ya yi tashin da ya yi, komai ya bi shi. Buhun dusa ya zama abin da ake tambaya a tafi ba a saya ba. Harawa ta koma sai a ɗaure kaɗan kamar tsintsiya. Naitirojin da nake samu a nan cikin gari ya daina zuwa a kan kari, sai in ɗauki tulu a motar haya in tafi wani gari in kwana a layi. Sau ɗaya na dawo hannu wofi, na zura sandar awo a tulu ta fito a bushe. Na zubar da tsinkaye cike da tafin hannu a kwandon shara, irin da na daɗe ina tarawa. Ranar na zauna a shago na rasa abin da ya sa na zaɓi wannan sana'a. Mutanena kuwa ɗaya bayan ɗaya suka riƙa kiran dillali maimakon su kira ni. Madam ta Sabon Gari ta fara haɗawa da madarar gari, ta ce ba don tana so ba.

Malam Bukar ya sayar da tsohuwar saniyar da ta rage masa cikin biyun farko don ya ciyar da Zabuwa, amma sai ya ɗan jinkirta miƙa ta, don na ce in Zabuwa ta zauna ita kaɗai ba mai tona mana ita. Madarar Zabuwa a lokacin ta koma rabin kwano. Ya faɗa mini a fili cewa wannan ne gwaji na ƙarshe, in ba ta ɗauka ba ba shi da abin riƙe ta.

Wata safiya waya ta yi ƙara, na ji muryar Hajiya can ƙasa-ƙasa.

"Malam Habu, in kana kusa ka zo ka sha ruwa."

Na aro tsinke ɗaya mai kyau daga tulun wani abokin sana'a, na isa bayan la'asar. Ban taɓa samun saniya a daidai kamar ranar ba. Wuyan mahaifa a buɗe, bindiga ta wuce kamar ana jan ta. Na wanke hannu na ce wa Malam sauran na Allah ne, a bar ta ta huta, kuma hannu ba ya iya tabbatar da ciki sai an haura wata biyu, zan dawo in duba. Washegari mai sayen tsohuwar ya zo ya tafi da abarsa.

Da mako uku ya cika na buga waya. Malam ya ce ba kuka, ba komai, tana cin ɗan abin da aka samu. Na ce alama ce mai kyau, ko da yake saniyar da take ita kaɗai shirunta ba hujja ba ne. Ya ce Allah ya sa. Daga nan na shiga yawon neman naitirojin da neman waɗanda suka rage da shanu, har Ungogo da Gezawa nake kaiwa don cikin gari ya zama kango. Sai da aka doshi wata na uku na samu na nufi Kwaciri da safar hannu a aljihu.

Na tarar da ƙofar gareji a buɗe, an share yashi, turke ba kowa. Malam Bukar yana zaune a kan benci da carbi. Ya ce in yi haƙuri bai kira ni ba, ya ga ya wahalar da ni da yawa a banza. Madara ta ƙafe tun makon jiya, dusa ta ƙare, da asubar nan mahauci ya zo ya tafi da ita. Na ce ai da ya bari na duba. Ya ce shi ma haka ya so, amma da ya faɗa wa Hajiya sai ta ce kada a sa ni zuwan banza, ita ta riga ta sani. Kwana biyu bayan na yi aikin ta ga jini a wutsiyar Zabuwa. Ta ɓoye masa tun lokacin don kada ta karya masa zuciya, tana ta tatsar ɗan abin da ya rage. Ya ce wannan fanni na mata ne, in mace ta ga jini ai magana ta ƙare, shi bai ga abin musu ba.

Ku saurara da kyau, don wannan ba ya cikin takardarku. Saniya ba mace ba ce. Ɗan jinin da take zubarwa kwana biyu bayan ta nemi bijimi ba al'ada ba ne, ba ya nuna ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Shanu da yawa suna yin sa su kuma haihu lafiya lau. Hajiya ta auna saniya da abin da ta sani a jikin 'ya'ya mata, kuma ba abu ne da za ta iya tambayar namiji ba.

Na tambayi sunan mahaucin na hau babur. Ba babbar kwata ya kai ta ba, wata ƙarama ce a bayan gari. Hanya ta cushe a Sabon Gari, na bi ta lungu, na taka ruwan kwatami, duk a banza. Da na isa har an feɗe. Fatar na fara gani a shimfiɗe a ƙasa, fara mai ɗigon baƙi. Na ce wa mahaucin ya nuna mini kayan ciki, ya yi mini nuni da wani baho yana ci gaba da sara. Na ɗago mahaifar, ɓangare ɗaya ya kumbura ya yi nauyi. Na ari wuƙarsa na tsaga. Ɗan tayin bai fi ɓera girma ba, amma komai ya fito, har 'yan kofatai. Mahaucin ya leƙo ya ce a bana kullum sai ya ga irin wannan, mutane ba sa iya jira. Na juya shi a tafin hannuna na duba abin da zan duba, na nemi tsumma na naɗe, na roƙi a binne.

Na so in wuce gida. Amma na san Malam zai tambaya, kuma ban saba yi masa ƙarya ba. Na same shi inda na bar shi. Na faɗa masa a taƙaice, na kuma yi masa bayanin jinin don kada wani ya sake yin wannan asara. Ya yi salati, ya sunkuyar da kai. Ban san Hajiya tana bayan ƙofar ciki ba sai da na ji motsin sakata.

"Malam Habu," ta ce. Wannan ne karo na farko da ta yi mini tambaya a kan aikina kai tsaye. "Me ke cikin?"

Na juya wajen Malam. Ya ɗago ya dube ni, ya gyaɗa kai alamar in faɗa.

"Mace ce, Hajiya."

Ba ta yi kuka na ji ba. Can sai ƙofar ta ɗan buɗe, hannunta ya fito da igiyar Zabuwa a naɗe, an wanke ta tas. Ta ce in tafi da ita in ba wani mai saniya a unguwar, igiya ce mai kyau, kada ta lalace a ajiye.

Ga ta can a rataye bayan tulu. Na zagaya Kwaciri gida-gida, ban sami wanda zan ba ba.